Gwanjon Zane a Intanet da Matsayin Mai Sana'ar Gargajiya: Nazari daga Arewacin Zamfara

A cikin 'yan shekarun nan an sami wata sabuwar hanya ta cinikin zane, watau a baje shi a intanet, a yi gwanjonsa, a biya da kuɗin kirifto. A watan Maris na 2021 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da wani zanen kwamfuta na Ba'amurken nan Beeple a kan fiye da dala miliyan 69, aka biya da kuɗin Ether. A watan Oktoba na shekarar kuma ya yi gwanjon ayyukan Osinachi, ɗan Nijeriya daga Aba. Wannan maƙala za ta auna irin wannan ciniki da ma'aunin kasuwar ƙasar Hausa, musamman yankin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi.

Darajar zane a wannan kasuwa ta ta'allaƙa ne ga abu biyu, ƙaranci da suna. Mai zane yakan buga kwafi ƙididdigaggu, alal misali 50, ya sa wa kowane lamba da hannunsa. A intanet kuwa shaidar mallaka da ake kira NFT ita ce ke maye gurbin sa hannu, ana shigar da ita cikin kundin da ba ya gogewa. Fasahar Bahaushe ta bi wata hanya dabam. Mai zanen ƙwarya, da maɗinkin aska takwas, da malamin da ke zayyanar allo, duk gado suka yi, ba sa rubuta sunansu a jikin aikin, kuma maimaita tsohon fasali shi ne alamar ƙwarewa a wurinsu. Saboda haka idan wani ya ɗauki hoton ƙwaryar da aka sayo a Zurmi, ya buga, ya yi mata rajista, suna da riba duk nasa ne. Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihi, domin jimammiyar fatar jar akuyar Sakkwato da sunan Maroko ta shahara a Turai, saboda ta can ta bi.

Masu goyon bayan sabon tsarin sukan ce kundin nan ya raba mai zane da dillali da la'adarsa. Amma wanda ya san karar shanu ta Shinkafi ya san aikin dillali ya wuce haɗa ciniki. Shi ne shaida, shi ake tuhuma in sa ya zama na sata, don haka sai ya san mai dabba kafin ya kama igiya. Kundin intanet kuwa daga ranar rajista shaidarsa ke farawa, bai tambayar inda zane ya fito. A nan raunin tsarin yake.

Har wa yau, ƙofar kasuwar ba a buɗe take ga kowa ba. A watan Fabrairu na 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna mu'amala da kuɗin kirifto, bai janye ba sai a Disamba 2023. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma rufe kasuwannin mako. Watau a shekarar da gwanjon intanet ya bunƙasa, mai sana'a a Shinkafi ya rasa waya da rumfa gaba ɗaya.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, tun daga ta 1988 har zuwa ta 2022, ta tanadi kariya ga fasahar gargajiya. Sai dai da wuya a kare abin da ba a taskace ba. Ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'i, tare da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, su ɗauki nauyin tattara fasalolin zane na yankin, kowane da sunansa da sunan gidan da ya gaje shi, tun masu sana'ar suna raye.