Jinjina ga Makaɗan Garayar Ailan

A tsibirin Achill da ke yammacin Ailan, makaɗa kan taru don bikin garayar ƙasarsu, wadda hotonta ke jikin kuɗinsu da fasfo. Sun cancanci yabo, domin kiɗan ya kusa mutuwa. A taron makaɗan garaya da aka yi a birnin Belfast a 1792, makaɗan da suka rage yawancinsu tsofaffi ne, wasu makafi. Sai wani mai suna Edward Bunting ya zauna ya rubuce kiɗansu. Tun kafin wannan, a fadojin Ailan na da, mawaƙi ke tsara baiti, wani ya rera, makaɗi ya raka da tsirkiyoyin ƙarfe da farce. Hannu uku kan waƙa guda, sannunku da aiki! A 2019 hukumar UNESCO ta sa kiɗan cikin gadon al'adun duniya.