Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Ran nan a aji wani abokin karatuna ya zana itace a allo. Ya ce wai Kananci ne gindi, Hausar Tawa da ta Maraɗi da ta Damagaram rassa ne. Kowa ya gyaɗa kai. Ni kam abin ya tsaya mini a rai, don kakata a Tawa "zamna" take cewa, ni ma haka, kuma an sha yi mini dariya a kai.

Kwatancen itacen nan ba nashi ba ne. Bajamushe August Schleicher ya yaɗa shi tun 1853, kuma yana da amfaninsa. Da shi muke gane cewa Hausa ƴar gidan harsunan Cadi ce, ita da Larabci kakansu ɗaya, amma ba Larabci ya haife ta ba. To, sai dai kwatance jaki ne, akwai kayan da ba ya iya ɗauka.

Ku tuna karatun ƙiyasi a zaure. Malam ba ya haɗa abu biyu don sun yi kama, sai ya nemo illa. Illar giya maye ne. Zoɓo ja ne kamar wata giyar, amma tunda ba ya bugarwa, hukuncin bai hau kansa ba. To mece ce illar da ta maida Kananci gindi? In tsufa ake nufi, magana ta watse. August Klingenheben ya nuna a 1928 cewa "zamna", "sabka" da "amre" su ne tsoffin siffofi, daga baya suka koma "zauna", "sauka" da "aure" a Kano. Ashe a nan kakata ce ta fi kusa da saiwa. Kananci ma reshe ne, ya dai yi sa'ar shiga littafi da rediyo.

Bayan haka, rassan itace in sun rabu ba su sake gamuwa, alhali Bamaraɗe da Bakatsine kullum suna musayar kalmomi a kasuwar Jibiya. Shi ya sa Johannes Schmidt, ɗalibin Schleicher, ya ce a 1872 sauyin harshe ya fi kama da igiyar ruwa in an jefa dutse a tabki.

Ƴan uwa, ban ce a goge itacen ba. In an ce muku abu kaza kamar kaza yake, ku dai tambaya: ta wane gefe? In ba mu tambaya ba, wata rana ƙannenmu za su ji kunyar Hausar gidansu saboda zanen alli.