Wasiyya ko Rabon Gado? Sharhi a Kan Neman Tarihin Zuriya a Kundayen Alƙalai na Kudancin Kano

Gabatarwa

Duk malamin da ya daɗe yana duba kundayen da ɗalibai ke rubutawa a kan tarihin garuruwa da gidaje na ƙasar Kano zai lura cewa babin asali kusan kullum kamarsa ɗaya. Akan ce kakan gidan ya fito daga Gabas, ko daga Barno, ya yada zango a gindin wata tsamiya, ya haifi wane, wane ya haifi wane, har a iso kan dattijon da aka yi hira da shi. Maza ne zalla a jerin, kuma da wuya a ga shekara. A 'yan shekarun nan wata ɗabi'ar ta ƙaru, watau kwaikwayon masu neman asali na ƙasar Ingila. Sai ɗalibi ya tafi kotu neman wasiyyar kakansa, ya dawo hannu rabbana, ya rubuta cewa mutanen da ba su bar takarda ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa hukuncin nan kuskure ne, kuma ya taso ne daga neman takardar da ba ita ya kamata a nema ba. A ƙasar da aka yi shari'a da mazhabar Maliku, bayanin rabon gado da ke cikin kundin alƙali shi ne ke ɗauke da sunayen dangi. Za a duba abin da wannan bayani ke iya faɗa, da abin da ya yi shiru a kansa, tare da misalai daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

Inda dabarar ta samo asali

A Ingila, har zuwa watan Janairu na 1858, kotunan coci ne ke tabbatar da wasiyya. Kotunan nan hawa-hawa ne, daga ƙananan kotuna na yankuna, zuwa kotun bishof, zuwa manyan kotuna biyu na Kantabari da Yok. Wanda ya mutu ya bar dukiyar da ta kai fam 5 a yankin bishof fiye da ɗaya, sai a kai wasiyyarsa babbar kotu. Wasiyyoyin kotun Kantabari sun faro daga 1384, kuma suna nan a gidan adana takardun tarihi na ƙasar, a Landan. Dalilin da ya sa mai neman asali ke ɗokin wasiyya a can shi ne, mai dukiya yana da dama mai faɗi ta zaɓen wanda zai bar wa kayansa, saboda haka dole ya ambaci matarsa da 'ya'yansa da surukansa da sunayensu.

Darasi ɗaya ne ya cancanci a aro daga gare su: kafin a fara nema, sai an san kotun da ke da hurumi a kan garin mamaci a shekarar da ya mutu. Sauran dabarar kuwa an ɗinka ta ne daidai da wata doka dabam.

Matsayin wasiyya a shari'ar Malikiyya

Littattafan da alƙalan Kano suka yi aiki da su, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfa ta Ibn Asim, sun ɗaure wasiyya da sharuɗɗa biyu. Ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji, sai fa in sauran magada sun yarda. Bugu da ƙari, ba lalle ne a rubuta ta ba, domin shaidu biyu adilai sun isa su tabbatar da ita. Sakamakon haka shi ne, ko an yi sa'a an sami wasiyya a rubuce, mutanen da mai bincike ya fi nema, watau mata da 'ya'ya da iyaye, su ne ba za su fito cikin masu karɓa ba. Waɗanda za a gani su ne agola, ko bara, ko almajiri, ko 'yantaccen bawa, ko masallaci, ko jikan da ubansa ya riga kakan mutuwa har baffanninsa suka kange shi daga gado.

Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, domin yana nuna waɗanda mamaci ya riƙa a zuci alhali shari'a ba ta ba su kaso ba. Amma ba da shi ake gina salsala ba.

Abin da kundin gado ke faɗa

Rabon gado yana da tsari. Akan fitar da kuɗin jana'iza, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya, abin da ya rage a raba bisa ƙa'idojin da tushensu ke cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Tun da yake kuskuren mutum ɗaya yana rushe lissafin duka, wajibi ne alƙali ya ƙididdige kowane magaji, namiji da mace, babba da jariri, har da cikin da ba a haifa ba tukuna. Alal misali, a ƙaddara mutum ya bar mata 2, da uwa, da 'ya'ya maza 3 da mata 2. Sai a kafa lissafi a kan 24. Matan su raba kashi 3, shi ne tumunin takaba, uwa ta ɗauki kashi 4, watau sudusi, ragowar 17 a kasa su gida 8, kowane namiji ya ɗauki biyu, kowace mace ɗaya. Mutum takwas ke nan suka shiga takarda a zama guda, biyar daga cikinsu mata, waɗanda salsalar baka takan tsallake su.

Har ila yau, wanda ya san fara'ili yana iya karanta lissafin ta baya. In ya ga an ba matar mamaci rubu'i, ya san mamacin bai bar ɗa ko 'ya ko jika ta wajen ɗa namiji ba. In ya ga baffa ya ci gado, ya san babu ɗa namiji, babu uba, babu ɗan'uwa na wajen uba. Jerin basusuka kuwa yana nuna abokan hulɗa da garuruwansu, jerin kaya yana nuna sana'a. A nan akwai fifiko guda a kan takardun Ingila: kafin dokar 1882 matar aure a can ba ta da cikakken ikon yin wasiyya sai da yardar mijinta, amma dukiyar mace Musulma tata ce, kuma da sunanta ake raba gadonta.

Abin da ya sa irin wannan bayani ya shiga rubutu a kai a kai shi ne tsarin mulkin Turawa. Bayan cin Kano a 1903, dokokin kotunan gargajiya, musamman ta 1906, sun wajabta wa kotuna ajiye bayanin shari'unsu. Da aka kafa Baitulmali, ushirar da ake cira daga gado ta zama kuɗin shiga na En'e, kuma duk inda kuɗin hukuma ya shiga, alƙalami yakan bi shi.

Littafin Christelow

Aikin da ya fi fito da darajar irin waɗannan takardu shi ne Thus Ruled Emir Abbas, wanda Allan Christelow, da ya taɓa koyarwa a Jami'ar Bayero, ya wallafa a 1994. Ya zaɓo shari'u ne daga kundin majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, ya fassara su daga Larabci zuwa Ingilishi, ya yi musu sharhi. Abin yabo a littafin shi ne ya bar talakawa sun bayyana da sunayensu da ƙararrakinsu a kan gona da gida da bauta da sata da kisa, a zamanin da yawancin littattafan tarihi ke magana a kan sarakuna da razdanoni kawai.

Sai dai mai neman tarihin zuriya ya san iyakar littafin. Na farko, zaɓe ne, kuma an yi zaɓen don amsa tambayoyin masanin tarihin shari'a. Na biyu, kundin na majalisar Sarki ne a birni, inda manyan rigingimu da maganar ƙasa ke zuwa, alhali rabon gado na yau da kullum aikin alƙali ne. Na uku, lokacin da ya ɗauka gajere ne ƙwarai, galibi 1913 da 1914. Saboda haka littafin ya fi dacewa a ɗauke shi a matsayin makarantar koyon karanta kundi. Kuskuren da wasu ɗalibai ke yi shi ne su tsakuro shari'a ɗaya daga cikinsa su shimfiɗa ta a kan ƙasar Kano baki ɗaya.

Abin da kundin ya yi shiru a kai

Ba kowane gado ne ya je gaban alƙali ba. Iyalai da yawa sun gwammace su kira malamin unguwa ya raba musu a zaure, don gudun ushira. Gonar gandu kuwa sau da yawa ba a raba ta nan take, sai 'yan'uwa su ci gaba da noma ta tare, kuma in rigima ta taso, dagaci da hakimi da Sarki ne ke da ta cewa. Sa-ɗakar da ta haihu da ubangijinta tana samun 'yanci da mutuwarsa, 'ya'yanta suna gado daidai da na matan aure, amma ita ba ta da kaso, don haka akan ga sunan ɗa babu na uwarsa. Bawa, kafin a haramta bauta gaba ɗaya a 1936, yana iya fitowa cikin jerin kaya maimakon jerin mutane.

Akwai kuma wahalar karatu. Tsofaffin kundaye da Larabci suke, da shekarun Hijira, misali 1331 ta yi daidai da mafi yawan 1913, kuma kuɗi na iya zama wuri ko sule. Wanda gida ya sani da Tanko ko Ɗanladi, kundi zai kira shi Muhammadu ɗan Abubakar, kuma masu wannan suna ba su ƙirguwa. In muhuti ya yi gaggawa bai sa wasula ba, Kiru da Kura na iya rikicewa a ido. Suna ɗaya ba hujja ba ne. Sai sunan uba da na gari da na sauran magada sun dace da abin da dattawa suka faɗa.

Halin kudancin Kano

Kowane ɗaya daga garuruwan nan huɗu yana da nasa ƙalubale. Bebeji tsohon zangon fatake ne, mazaunin Agalawa, waɗanda Paul Lovejoy ya yi bayaninsu a littafinsa na 1980 a kan fataucin goro. A can aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, wanda ya yi fatauci zuwa Gwanja, ya rasu a Kano a 1955. Falke yakan mutu a hanya ko a zango, saboda haka rabin labarin gidan Bebeji yana iya kasancewa a Salaga ko Kumasi. Madatsar ruwa ta Tiga, da aka kammala a 1974, ta tashi ƙauyuka, ta shafe kufai da maƙabartu, sunan garin da ke cikin kundi ya zama babu shi a ƙasa.

A Kiru da Tudun Wada akwai gidajen Maguzawa, waɗanda suka yi gado bisa al'adarsu, kuma tun da bambancin addini na hana gado, gida ɗaya yana iya rabuwa biyu a takarda bayan wasu sun musulunta, wasu sun shiga Kirista. Hare-haren Ningawa a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 sun ɗaiɗaita iyalai a yankin Tudun Wada. A Doguwa kuwa, haƙar kuza a Riruwai ta tara baƙi, kuma dukiyar baƙon da ya mutu ba magaji Baitulmali take tafiya.

Hurumin kotuna ma ya sha canji. Dokar 1967, wadda ta fara aiki a 1968, ta karɓe kotuna daga hannun En'e ta ba gwamnatin jiha. An yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, an dawo da kotunan Shari'a a 2000, an sa mafi yawan yankin nan a ƙarƙashin masarautar Rano a 2019, aka soke wannan doka a 2024. Kowane canji na iya ɗauke takarda daga wannan ɗaki zuwa wancan. Don haka mai nema ya fara da rahotannin gundumomin lardin Kano a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, domin ya san ƙarƙashin wane hakimi da wane alƙali ƙauyensu yake. Sa'an nan ya bi Gidan Arewa, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, da ma'ajin kotuna, da gidajen zuriyar alƙalai.

Kammalawa

Wannan sharhi bai nufi a yi watsi da bakin dattawa ba, domin su ne ke riƙe da laƙabi da labarin ƙaura waɗanda kundi bai damu da su ba. Abin da ake nema shi ne a haɗa biyun, kowane ya gyara ɗan'uwansa. Wannan na bukatar sassan Hausa da na Tarihi su koya wa ɗaliban babban digiri fara'ili da karatun rubutun hannu na Larabci da Ajami, kafin a tura su fagen bincike.

Akwai kuma amana. Takardar da ke nuna wa wani sunan kakarsa ita ce ke iya tona cewa kakan maƙwabcinsa bawa ne, ko ta ta da rigimar gonar da ta kwanta tun zamanin Sarki Abbas. Ba a buga irin wannan sai da yardar masu ita. Abin da ba ya jiran kowa shi ne ceton takardun kansu, domin gara da yoyon ɗaki da gobara suna cin su kullum. Ɗaukar hoton kowane shafi, da tsara jerin sunayen mamata da garuruwansu da shekarunsu, aiki ne da jami'o'in Kano da hukumar shari'a ta jiha za su iya somawa gunduma gunduma, kuma yankin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ya isa wurin gwaji.