Gidan Mawaƙi Ma Ya Cancanci a Adana Shi

A unguwar Abasto da ke birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina akwai wani tsohon gida da Carlos Gardel ya saya wa mahaifiyarsa a 1927. Gardel shi ne gwarzon waƙar tango, kiɗan da mutanen ƙasar ke tinƙaho da shi. Ya rasu a hatsarin jirgin sama a Kolombiya a 1935. Tun 2003 gidan nan a buɗe yake ga kowa, a shiga a ga ɗakunan da hotuna da faya-fayan garmaho, a tsaya a saurari muryar mai gidan. Abin kuwa yana ta yaɗuwa a duniya. Ko a Legas, gidan mawaƙi Fela da ke Ikeja ya zama gidan tarihi a 2012 da tallafin gwamnatin jiha, ɗakin kwanansa da jerin takalmansa duk suna nan.

Mu ma mun iya adana gida idan mun ga dama. Gidan Sardauna na Kaduna ya zama Arewa House. Gidan Malam Aminu Kano na Gwammaja shi ne Mumbayya a yau. Ga Gidan Makama, ga Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna. Duk sun cancanta. Amma ka duba jerin da kyau, masu mulki ne da 'yan siyasa. Mutanen da suka rera musu waƙa, waɗanda ta bakinsu jikokinmu za su fara jin sunayen sarakuna da dama, ba su shiga lissafi ba. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Daga nan Hunkuyi, idan ka bi ta Ɗanja, Funtuwa ba nisa. Garin da Mamman Shata ya yi zamansa ke nan kafin rasuwarsa a 1999, aka kai shi Daura aka binne. Garin Barmani Choge ke nan, wadda ta rasu a 2013. Garin da ya riƙe waɗannan biyun ya kamata a ce baƙo daga Maraɗi ko Kumasi yana sauka tasha zai ce a kai shi ɗakin Shata, ɗan acaɓa kuma ya san ƙofar ba sai an yi masa kwatance ba.

Za a ce ai waƙoƙin ba su ɓata ba, suna cikin waya. Haka ne, kuma ina godiya da hakan. Ka je wurin mai caji a bakin tasha, ka miƙa masa memori da ɗan canji, ya cika maka shi da Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa. Lokacin dafa mazarƙwaila, cikin dare, ana tura ƙashin rake a wuta, za ka ji wata ƙaramar waya a rataye jikin rumfa tana ta Bakandamiya. Sai dai ka buɗe memorin ka ga halin da waƙoƙin ke ciki. Waƙar Ɗanƙwairo an rubuta mata sunan Narambaɗa saboda duk kiɗan kotso ne. Wata an datse mata kai, wata ƙarshe. Babu shekara, babu wurin da aka ɗauka, babu sunan ko mutum ɗaya cikin 'yan amshi. A TikTok kuma an yanko daƙiƙa talatin an ɗora a kan bidiyon sabuwar mota. Yaron da ya taso a haka ya san muryar, amma a zatonsa mutum ɗaya ne ya tsaya gaban na'ura ya rera, kamar yadda ake yi a situdiyo yanzu.

Alhali kiɗanmu na gargajiya sana'ar gida guda ce. Maigida ne da makaɗansa da 'yan amshi da sanƙira, tafiya tare, masauki tare, a dawo a raba abin da aka samu a zaure. Wannan ba ya shiga memori. Sai mutum ya ga kalangu ido da ido, da siririn ƙugunsa da tsirkiyoyin fata da suka haɗa bakinsa biyu, aka nuna masa yadda makaɗi ke matse shi a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, sannan zai gane dalilin da ya sa ake cewa kalangu na magana. Kuntigin Ɗanmaraya Jos kuwa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata, da ɗan sanda da tsirkiya ɗaya tal. Da shi ya yi Waƙar Karen Mota, da shi ya zagaya duniya. Ɗalibin sakandare ya tsaya gaban wannan ɗan abu na minti biyu, zai fita da wani tunani dabam game da abin da talaka ke iya yi da abin da ke hannunsa.

A ganina ba kuɗi ne suka hana ba. Raini ne. Muna son waƙar, muna kiran mai ita maroƙi. Kalangu ma kiɗan mahauta ne a asali, kuma kowa ya san inda al'ada ta ajiye mahauci da makaɗi idan maganar aure ta taso. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa na dakta a 1988, muka yi ta murna, amma tsohon kallon bai bar zukata ba. Mutumin da ba ka yarda ya zauna kan shimfiɗarka ba, da wuya ka ga zaurensa a matsayin abin tarihi.

Akwai masu fargaba ta fuskar addini, kuma na fahimce su. A maƙabartar da aka binne Gardel akwai mutum-mutuminsa, masoya har sigari suke kunnawa su maƙala masa a hannu. Wannan ba namu ba ne, babu mai neman sa. Ɗaki nake magana, mai kayan kiɗa da riguna da hotuna da sunaye, irin wanda muka riga muka yi wa Sardauna ba tare da wani ya ce an yi shirka ba.

Maganar gado ta fi wannan nauyi. Gida haƙƙin magada ne, sau da yawa ma shi ne kaɗai abin da mamaci ya bari, ga mata ga 'ya'ya. Ba adalci ba ne a ce su haƙura da rabonsu don mu sami wurin ziyara. Gwamnati ko wani mai hali ya saya da daraja ya yi waƙafi, ko a kama hayar zauren kawai a riƙa biyan iyalin. Kuma a yi da wuri. Masar ta yi sakaci aka rushe gidan mawaƙiya Ummu Kulsum a Alƙahira bayan rasuwarta a 1975, aka gina otal a wurin. Da aka tashi yi mata gidan tarihi a 2001 sai a wani ginin dabam aka jera kayanta.

Ba sai manyan sunaye kaɗai ba. A ƙasar Kudan da Maƙarfi da Ikara an yi makaɗan noma da suka riƙa tashin gayya, da makaɗan dambe na bayan kaka. Maganin feshi da aikin ƙwadago sun rage gayya, gangunan suna rataye a zauruka, fata ta tsage, gara na aiki. Tsofaffin da suka yi amshi wasu na nan da ransu, suna iya faɗin wa ya ƙirƙiri taken wane. Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, na kusa da mu, kuma a can akwai ɗaliban Hausa masu neman abin da za su yi nazari a kai. Ƙaramar hukumar Kudan ta ware ɗaki ɗaya a Hunkuyi, hakimai da dagatai su sa baki iyalai su kawo gangunan aro, a rubuta sunan mai kowace da garinsa, ɗaliban su zauna da tsofaffin nan su ɗauki bayaninsu kafin damina mai zuwa.