Minti Bakwai na "Hair Love": Mun Yaba, Amma da Sauran Magana

Fim ɗin nan ba sabo ba ne, tun 2019 ya fito, amma sai kwanan nan ya fara yawo a wayoyin Sabo. Mu ma a shagon wani tela muka gan shi, mu biyar a kan waya ɗaya, muna jiran a dawo da wuta. Da aka fara dariya muke ta yi. Da aka gama sai kowa ya yi tsit, can wani dattijo a cikinmu ya ce, "Kai jama'a, ni ko ribom ban taɓa ɗaura wa 'yata ba." Maganar nan tasa ce ta sa muka ga ya kamata mu duba fim ɗin da kyau, mu faɗi inda ya burge mu da inda muke ganin ya gaza.

Ga wanda bai gani ba, katun ne na kamar minti bakwai. Wani baƙar fatan Amurka mai suna Matthew Cherry, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka, shi ya rubuta kuma ya jagoranci aikin. A 2017 ya nemi gudummawar jama'a ta Kickstarter, yana neman dala 75,000, aka tara masa kusan 300,000. A watan Fabrairun 2020 fim ɗin ya ci kyautar Oska ta gajeren katun. Labarin wata yarinya ce, Zuri, 'yar shekara bakwai mai tulin gashi murɗaɗɗe. Ta tashi da safe tana son gyaran kai na musamman, uwar ba ta nan. Ta gwada da kanta tana kallon bidiyon koyarwa da uwar ta ɗauka, abin ya cakuɗe. Uban, Stephen, ya karɓi mataji, gashi ya gagare shi, sai ya kifa mata hula don a huta. Yarinya ta fashe da kuka ta shige banɗaki. Daga baya suka zauna tare, suna bin muryar uwar a bidiyo daki-daki har kai ya yi kyau. Sai a ƙarshe muke gane inda za su: asibiti, wurin uwar da maganin ciwon daji ya zubar mata da gashi gaba ɗaya.

Kafin mu yanke hukunci, dole mu san dalilin da ya sa gashi ya zama babbar magana a can. Mu a nan gashin mace na cikin gida ne, ɗankwali ya rufe, kuma kowa a layi irin gashinsa ɗaya da na maƙwabcinsa. A Amurka ba haka ba ne. Tun 1786 aka kafa doka a Luwiziyana, lokacin tana hannun Sifaniyawa, wadda ta tilasta wa mata baƙar fata rufe gashinsu a bainar jama'a. Bayan bauta, miƙar da gashi da matajin ƙarfe mai zafi ya zama hanyar samun aiki da mutunci. Madam C.J. Walker, wadda ta rasu a 1919, da sana'ar man gashi ta yi dukiyarta. Sai a 2019 jihar Kalifoniya ta zama ta farko da ta sa hannu a dokar CROWN, mai hana a wulaƙanta mutum a makaranta ko wurin aiki saboda kitso ko dada. Yanzu fiye da jihohi 20 sun bi sahu. Masu fim ɗin ma sun tafi bikin Oska da wani ɗalibi daga Tekzas, DeAndre Arnold, wanda makarantarsa ta ce ba zai shiga bikin yaye ɗalibai ba sai ya rage dadarsa. To ka ga wanda ya ce katun ɗin yara ne kawai, bai san dawan garin ba.

Abu na farko da muka yaba shi ne uban. Ba a mai da shi wawa ba, ba a kuma mai da shi gwani ba. Mutum ne mai dada da zane a jiki, irin wanda finafinan Amurka suka saba nunawa da bindiga ko a bayan kanta, amma a nan ga shi yana kakkarwa a gaban kan 'yarsa. Wurin hular nan kuwa gaskiya ce tsagwaronta. Duk namijin da aka taɓa bar wa yara ya san wannan dabarar: a rufe, a wuce. Fim ɗin bai zage shi ba, fuskar yarinyar kawai ya nuna, kuma ta isa.

Na biyu, ba surutu. In ka cire muryar uwar, wadda Issa Rae ta yi, kusan babu mai magana. Shi ya sa tsohuwar da ba ta jin Turanci ta fahimce shi tsaf kamar jikarta. Ƙarshen ma, ko da yake an shirya shi ne don a matso hawaye, muna ganin ya tsaya da ƙafarsa. Zuri ta miƙa wa uwar zanen da ta yi mata, kai ba gashi amma da kambi a sama, sai uwar ta cire ɗankwalinta. Fim ɗin da ya kwashe minti shida yana kirarin gashi, ya koma ya ce darajar mace ba a gashin take ba. Wannan ba ƙaramin hankali ba ne.

To, yanzu sai inda muke da ja.

Na farko, an zana gashin Zuri kamar dodo. Akwai wurin da uban yake ganin kansa a filin dambe, gashin ya zama ƙaton abokin karawa yana jibgarsa. Mun yi dariya, ba ƙarya. Amma yarinyar da ke kallo, mai irin wannan gashin, me ta koya? Cewa abin da ke kanta maƙiyi ne da sai an yi kokawa da shi. Ai wannan tunanin ne tun asali ya kai mata ga rilaksa. Gashin ba shi da laifi, halittarsa ce haka: silinsa a murɗe yake, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa har ƙarshe, shi ya sa yake saurin bushewa, kuma kowace lanƙwasa wuri ne da zai iya tsinkewa. Wanda ya sa mataji a busasshen kai, shi ya tsokano faɗan.

Na biyu, fim ɗin ya haɗiye lokaci. A cikin 'yan daƙiƙu an fesa, an shafa, an tufke, kai ya fito fes. Duk wadda ta taɓa zama da yarinya tsakanin gwiwoyinta ta san ba haka ba ne. Sai an jiƙa gashin tukuna, a raba shi gida huɗu ko shida, a shafa mai, a fara warware ƙulli da yatsu, sannan a kawo mataji mai manyan haƙora, a faro daga bakin gashi ana hawa zuwa tushe, ba daga tushe a fizgo ba. Kowane kashi aka gama sai a murɗe shi a ajiye kada ya sake cukurkuɗewa. Da dare a ɗaura ɗankwali mai santsi don kada matashi ya shanye man. Cikakken kai irin na Zuri zai ci awa guda ko fiye, ban da lallashi da "Baba da zafi". Mun san minti bakwai ba za su ɗauki wannan duka ba. Amma haƙurin nan shi ne soyayyar da sunan fim ɗin ke nufi, kuma shi aka fi taƙaitawa.

Na uku, kwalabe. Gaban madubin gidan cike yake da kayan shafe-shafe, har mai kallo zai ɗauka sai da su ake iyawa. Yana da kyau a sani cewa Dove na cikin waɗanda suka tallafa wa fim ɗin da kuɗi, kuma yana cikin waɗanda suka kafa gamayyar da ta nemi dokar CROWN. Madalla. Sai dai Dove na kamfanin Unilever ne, kuma a 2020 wani tallan TRESemmé, shi ma nasu, ya jawo zanga-zanga a Afirka ta Kudu saboda ya nuna gashin baƙar mace a matsayin busasshe, lalatacce, na Baturiya kuma a matsayin daidai. Ba mu ce an sayi Matthew Cherry ba. Muna cewa ne ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne: jiya ya sayar maka da maganin miƙar da gashi, yau ya sayar maka da na barinsa yadda yake. Ruwa, man kaɗanya, wanda maƙwabtanmu Yarabawa ke kira ori, da mataji mai kyau sun yi rabin aikin.

Na huɗu shi ne ya fi tsaya mana a rai. Gidan nan ba kowa. Ba kaka, ba gwaggo, ba inna, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce, "Malam, kawo ta nan." Daga uba sai 'ya sai kyanwa sai na'ura. Fim ɗin ya nuna wannan kamar ba komai, alhali ko a Amurkan, a ɗakin girki da baranda mata baƙar fata suka riƙa koya wa junansu gyaran kai shekara da shekaru. An ɗaga uba, amma an share matan da suka riƙe sana'ar.

Da farko mun yi wa kanmu kirari cewa mu wannan ba za ta same mu ba, ai kowane gida akwai makitsiya. Da muka sake tunani sai jikinmu ya yi sanyi. Mu fa baƙi ne a ƙasar nan, danginmu na can Arewa. Matasanmu da yawa sun bar manyan gidajen Sabo sun kama ɗaki a unguwannin da ba su san kowa ba. Ran da uwargida ta tafi gida wankan jego na kwana arba'in, ko ta kwanta asibiti, wa ke taɓa kan yaran? Mun sha ganin yarinya da kitson wata biyu, ya tsufa ya yi amosani, uban kuwa ko a jikinsa, wai aikin mata ne. Wani ma aski yake kai ta a huta. To wannan da hular Stephen, ina bambanci?

Iyayenmu mata ma ba za mu ƙyale ku ba. Duk gabanin Sallah sai a ga an dangwala wa 'yar shekara biyar rilaksa don kitso ya kwanta. Wasu irinsa da sinadarin soda mai ƙuna ake yin su, irin wanda ake haɗa sabulu da shi, shi ya sa yake ƙona fatar kai. A 2022 wani bincike na hukumar binciken lafiya ta Amurka, a kan mata fiye da 33,000, ya gano cewa masu amfani da kayan miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka sauran haɗarin kamuwa da sankarar mahaifa. Binciken alaƙa ya nuna, bai ce lallai shi ne sanadi ba, amma ya isa a yi hattara da kan ƙaramar yarinya. Haka kuma shukun da ake ja har gira ta ɗage, ƙuraje su feso a goshi: shi ke cinye gashin gaba, in aka daɗe ana yi kuma ba ya dawowa.

Hukuncinmu dai shi ne, a kalli "Hair Love", kuma a kalle shi tare da yara. Fim ne mai kyau wanda ya san inda zai taɓa mutum, ko da yake ya sauƙaƙa aikin, ya ƙawata kwalabe, ya manta da dangi. Ba mu ce kowane magidanci ya zama makitsi ba. Amma tsifa, wanki, shafa mai da tufka biyu ba su fi ƙarfin hannun da ke ɗaure buhun goro ba. Dattijon nan na shagon tela ya ce zai fara da jikarsa ranar Asabar. Mun ce masa ya jiƙa gashin tukuna.