Tsokaci a Kan Dokokin Jihohin Amurka Game da Zaɓen Jeranta 'Yan Takara a Ƙananan Hukumomi

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi nazari ne a kan wasu dokoki da majalisun jihohin Amurka suka yi ta zartarwa tun daga shekarar 2022, waɗanda suka haramta wa birane da gundumomi amfani da wani tsari da za mu kira a nan "zaɓen jeranta 'yan takara". Matsayin da takardar ta ɗauka shi ne, waɗannan dokoki sun yanke hukunci tun ba a gama sauraron shaidu ba, sun kuma ƙwace wa mutanen gari ikon shawarta yadda za su zaɓi shugabanninsu. Amma fa adalci ya wajabta mu duba inda masu adawa da tsarin suke da gaskiya.

2.0 Yadda Tsarin Yake

A zaɓen da aka saba, mutum ɗaya mai jefa ƙuri'a yake zaɓa, wanda ya fi kowa yawan ƙuri'u kuwa shi ya ci, ko da bai kai rabi ba. A zaɓen jerantawa kuwa, mai ƙuri'a zai nuna gwaninsa na ɗaya, da na biyu, da na uku. Idan babu wanda ya haura rabi a ƙidayar farko, sai a fitar da na ƙarshe, a mayar da ƙuri'unsa ga waɗanda magoya bayansa suka sa a matsayi na gaba. Haka za a yi ta yi har a sami mai rinjaye.

Alal misali, a ce mutum 100 suka yi zaɓe. Na farko ya sami 40, na biyu 35, na uku 25. Da aka fitar da na uku, sai 18 daga mutanensa suka koma ga na biyu, 4 ga na farko, 3 kuwa ba su nuna kowa ba. Na biyu ya ci ke nan da 53, na farko yana da 44.

Birane ne suka fara raya wannan tsari a zamaninmu. San Faransisko ta fara aiki da shi a 2004, Miniyafolis a 2009, birnin Niyok kuwa a 2021.

3.0 Tushen Ikon Jiha a Kan Gari

Tsarin mulkin Amurka bai ambaci ƙananan hukumomi ba. Tun a 1868 wani alƙalin jihar Ayowa, John F. Dillon, ya kafa ƙa'idar cewa gari ba shi da wani iko sai wanda jiha ta ba shi, Kotun Ƙoli kuma ta ƙarfafa wannan fahimta a 1907. Saboda haka babu jayayya cewa majalisar jiha tana da hurumin yin irin waɗannan dokoki. Abin tambaya shi ne ko ta yi amfani da hurumin bisa hujja.

Fulorida da Tenesi ne suka buɗe fage a 2022. Aidaho da Montana da Dakota ta Kudu suka biyo baya a 2023. A 2024 Alabama da Kentaki da Luwiziyana da Misisifi da Okalahoma suka yi tasu, Misuri kuwa ta shigar da haramcin cikin tsarin mulkinta ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Wasu jihohi shida suka ƙaru a 2025, jimla 17 ke nan zuwa ƙarshen 2025.

4.0 Raunin Dokokin Haramci

Rauni na farko shi ne danne muryar mutanen gari. Mazauna birnin Memfis na jihar Tenesi sun amince da tsarin da babban rinjaye a 2008. A 2018 aka sake kawo musu shawarar soke shi, suka ƙi. Duk da haka ba a taɓa aiki da shi ba har majalisar jiha ta haramta shi a 2022. Haka Sarasota ta Fulorida: ta amince a 2007, ba ta kai ga gwadawa ba aka rufe ƙofa. Watau abin da aka haramta a waɗannan jihohi biyu ba a taɓa ganin aibinsa a waɗannan garuruwa ba, domin ba a bar su sun gwada ba. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan maƙwabci ne ya hau rufin.

Na biyu shi ne tufka da warwara. Babbar hujjar masu haramci ita ce tsarin yana rikita mai jefa ƙuri'a. To, amma jihohi irin su Alabama da Luwiziyana sun daɗe suna aika wa sojojinsu da 'yan ƙasa mazauna ƙetare takardar jerantawa, domin kada su rasa damar zagaye na biyu, kuma sun bar wannan yana aiki bayan haramcin. Idan soja a bakin daga zai iya jera 'yan takara, da wace hujja za a ce mazaunin gari ba zai iya ba?

Na uku shi ne yadda aka gabatar da maganar ga jama'a. A Misuri an haɗa haramcin ne a tambaya guda da batun hana baƙi jefa ƙuri'a, abin da daman doka ba ta yarje musu ba. Wanda ya ce "na yarda" saboda batun baƙi ya yarda ke nan da ɗaya batun, ko ya fahimce shi ko bai fahimta ba. Dakota ta Arewa kuwa a 2025 ta haɗa har da wani tsari dabam da birnin Fago ya zaɓa wa kansa a 2018, wanda a cikinsa mutum yake sa alama ga duk ɗan takarar da ya amince da shi.

Bai kamata a ɗora laifin ga jam'iyya guda ba. Gaskiya ne galibin dokokin haramci sun fito ne daga majalisun da 'yan Rifablikan suke da rinjaye. Amma a Kalifoniya gwamna Gavin Newsom, ɗan Dimokarat, shi ya ƙi sa hannu a 2019 kan dokar da za ta ba ƙarin birane izinin amfani da tsarin. 'Yan Rifablikan na Birjiniya kuwa da shi suka tsayar da Glenn Youngkin takarar gwamna a 2021.

5.0 Inda Masu Adawa Suke da Gaskiya

Magoya bayan tsarin sukan zaƙe wajen yabonsa, musamman da'awarsu ta cewa kullum yakan fitar da mai rinjayen fiye da rabi. A zaɓen fid da gwani na Niyok a 2021, Eric Adams ya kayar da Kathryn Garcia da tazarar da ta ɗan haura 7,000, alhali ƙuri'u kimanin 140,000 sun faɗi a hanya domin masu su ba su sa ko ɗaya daga cikin biyun ba. Rinjayen nasa na ragowar ƙuri'u ne, bai kai rabin dukkan waɗanda suka fito ba. A wannan zaɓen ne kuma hukumar zaɓen birnin ta cusa ƙuri'un gwaji kimanin 135,000 cikin sakamakon farko bisa kuskure, kafin ta janye shi.

Bugu da ƙari, a birnin Burlington na jihar Bamont a 2009, an fitar da Andy Montroll kafin zagayen ƙarshe, alhali takardun zaɓen sun nuna da za a haɗa shi da kowane ɗaya daga cikin manyan abokan karawarsa su biyu-biyu, da shi zai ci. Mutanen garin suka soke tsarin a 2010, sa'an nan suka sake karɓarsa a 2021 domin zaɓen 'yan majalisar birni.

Waɗannan matsaloli na haƙiƙa ne. Sai dai abin lura a labarin Burlington shi ne, garin da kansa ya gwada, ya ga aibi, ya janye, ya kuma dawo bayan ya sake tunani. Wannan dama ita ce dokar haramci take toshewa.

6.0 Hanyar da Ta Fi Dacewa

Akwai jihohin da suka bi wata hanya. Yuta ta yi doka a 2018 ta ba garuruwanta izinin gwaji, ta kuma sa masa wa'adin ƙarewa a farkon 2026. Garuruwa biyu ne suka fara a 2019, wasu suka shiga daga baya, wasu kuma suka gwada suka fita. Birjiniya ta ba da irin wannan izini a 2020, gundumar Arlington ta yi amfani da shi a 2023. Irin wannan doka ba ta tilasta wa kowa, tana kuma tara wa majalisa shaidar da za ta dogara a kai in ta zo yanke hukunci. Aikin da ya kamaci jiha shi ne shimfiɗa sharuɗɗa: tantance na'urorin ƙidaya, wayar da kan jama'a, bayyana sakamakon kowane zagaye, da sake ƙidaya da hannu in an yi ƙorafi.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa zaɓen jerantawa yana da amfani yana kuma da illa, kuma ba a san gwargwadon kowanne sai an gwada. Majalisar da ta haramta shi ƙasa baki ɗaya ta hana kanta sanin abin da take hukunci a kai. Ina fatan masana kimiyyar siyasa da ke wannan zaure za su faɗaɗa nazarin, musamman ta fuskar kwatanta garuruwan da suka gwada suka ci gaba da waɗanda suka gwada suka janye.