Tauraro ko Duniya? Sharhi a kan Littafin Ilmin Taurari na Yara

A cikin littattafan Hausa da suka buɗe wa yara ƙofar sararin samaniya, biyu sun fi cancantar ambato: Ikon Allah na R. M. East da Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a Zariya a 1949, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, watau shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata. Na farko littafin kimiyya ne na gaba ɗaya, na biyu kuwa ƙagaggen labari ne na yaro Kilba da tafiyarsa sama tare da Kolin Koliyo. Dukansu sun nuna Hausa ba ta gaza ba, amma ba ɗayansu da aka tsara don koyar da ilmin taurari daki-daki. Saboda haka masu tsara karatu kan karkata ga fassaro littattafai masu hotuna daga Faransanci. A nan ne gyara ya wajaba.

Matsala ta farko ta kalma ce. Faransanci ya raba étoile da planète, Hausa kuwa ta haɗa su duka a "tauraro". Zara, wadda ake kira matar wata, ba ta da hasken kanta: na rana take mayarwa. Daɗin daɗawa, ita ce dai Gamzaki idan ta fito da asuba. Mai fassarar da ya ce "taurari takwas ne ke kewaya rana", sa'an nan ya ce "rana tauraro ce", ya rikita yaro a shafi guda. Abin da ya fi shi ne a keɓe "tauraro" ga mai hasken kansa, a ba masu kewaya rana "duniyoyi". Gaskiya ne a bakin Bahaushe duniya kishiyar lahira ce, amma jumla ɗaya ta bayani ta isa ta kawar da wannan shubuha. Sunayen duniyoyin kuma ba sai an aro su daga Turai ba, domin malaman zaure sun daɗe da Zuhura da Mushtari da Zuhalu, kamar yadda nazarin Mervyn Hiskett na 1967 a kan waƙoƙin taurari na Hausa ya nuna. A lura kuma, tun 2006 aka fitar da Fuluto daga lissafi, don haka tsohon hoto mai duniyoyi tara bai da amfani yanzu.

Matsala ta biyu ta hoto ce, ita ce kuma aka fi yi wa sakaci. A ɗauki yaron Birnin Lalle a ƙasar Dakoro, garin da ke wajen digiri 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Tauraron arewa, wanda a Paris yake tsaye wajen digiri 49, a wurinsa ɗan sama kaɗan yake da bakin ƙasa. Jinjirin watan da hoton Turai ke tsayarwa, shi galibi a kwance yake ganinsa kamar ƙwarya. Sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana kan tsaya bisa tsakar kansa har inuwa ta koma ƙarƙashin ƙafa, abin da ba ya taɓa faruwa a Faransa. Hoton dusar ƙanƙara kuma bai gaya masa kome game da rani da bazara da damina da kaka ba. Idan littafi ya saɓa wa abin da ido ke gani, yaro zai ɗauka karatun lakwal labarin wata ƙasa ne.

Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, amma ƙoƙarin ya fi ƙarfi wajen daidaita ƙa'idar rubutu, ƙamus na kimiyya ya saura baya. Abin da ya kamata shi ne a fara da tattara sunayen taurari daga bakin manoma da makiyaya da malamai na yankin, a zana hotuna bisa saman Sahel, shafi na farko kuma ya buɗe da Kaza da Ƴaƴanta, wadda kowane yaro ya riga ya iya nunawa da yatsa.